Ashe Bature Ma Da Layarsa

Gyara zama, Malam mai gardama, yau da kai nake. Kai ɗin nan da in aka ce an yi wa wane asiri sai ka taɓe baki, ka ce camfi ne da duhun kai. Amma dare na yi ka ja bargo, ka lalubo lambar 'yar mutane, ka rubuta mata wai ita "charming" ce. Ka san me ka ce mata kuwa? Tuhumarta ka yi da tsafi. Da a Birtaniya ta shekaru ɗari huɗu baya kuke, da wannan saƙon naka ya isa shaida a gaban alƙali.

Ka ce sharri nake yi maka? To bismillah, jawo ƙamus.

Kalmar "charm" ba 'yar ƙasa ba ce a Ingila. Baƙuwa ce, ta shigo cikin ayarin Faransancin da ya cika fada da kotu bayan William na Normandi ya ci ƙasar da yaƙi a 1066. Su ma Faransawan gado suka ci daga Latin, inda ake cewa "carmen", wato waƙa, ko baiti, ko surkullen da ake rerawa. Da ta fara bayyana a rubutun Turanci wajen 1300, aikinta ɗaya ne: kalmomin da boka ke tofawa. Daga baya ta zama sunan abin da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a damtse. Kar ka yi mini kara, sunansa laya, ko kambu. Sai can wajen ƙarni na 17 ta yi wanka ta sa turare, aka fara yabon mace da ita.

Rumawa kuwa ba su ɗauki "carmen" abin wasa ba. Dokarsu ta farko a rubuce, wadda ake kira Alluna Goma Sha Biyu, wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta tanadi hukunci ga mai rera wa wani muguwar waƙa, da kuma mai janye albarkar gonar maƙwabcinsa zuwa tasa da surkulle. Na ga ka yi murmushi, ka ɗauka labarin ƙauyenku nake bayarwa. A'a, Rum ce, uwar dokokin Turai. Marubucinsu Pliny Babba ya kawo labarin wani 'yantaccen bawa, Furius Chresimus, mai 'yar gona ƙarama da kullum take kunyata manyan gonakin da ke kewaye da ita. Maƙwabta suka ce ruwa ba ya tsami banza, janye mana yake yi. Aka maka shi a gaban jama'a. Ranar shari'a mutumin ya iso dandali da garmunansa masu nauyi, da fartanyu, da shanun huɗa ƙosassu, da ma'aikatansa ɓul-ɓul cikin sutura mai kyau. Ya nuna su ɗaya bayan ɗaya ya ce ga tsafin nasa nan, saura gumi da sammako da kwanan zaune, su kuwa ba sa ɗaukuwa balle ya kawo su kotu. Aka sallame shi.

Ka ce ai kalma ɗaya ce, tsautsayi ne ya faɗa mata? Tsaya in kira maka 'yan gidansu. "Enchanting" daga "cantare" take, rera waƙa, cikinsu ɗaya da "incantation", tofin boka. "Spellbound" wanda aka ɗaure da sammu ne. "Entrancing" a jefa mutum cikin halin fita hayyaci, irin na mai hawan bori. "Bewitching" kuwa ba ta ma buƙatar ƙamus, ga "witch" nan, mayya, zaune a tsakiyar kalmar ta miƙe ƙafa. Kuma kar ka ɗauka raha suke yi da ita a lokacin. Sarki James na Sikotland da hannunsa ya rubuta littafi kan mayu da aljanu a 1597, shekara shida kafin ya haɗa da sarautar Ingila. A garin Salem na Amurka an rataye mutum 19 a 1692 kan zargin maita. Sai a dokar 1735 majalisar Birtaniya ta daina ɗaukar maita a matsayin gaskiya, ta koma hukunta mai da'awar yinta a matsayin ɗan damfara. Da igiyar rataya ta huta, tsoro ya ragu, samari suka samu kalmomi a yashe suka kwashe suka tafi zance da su.

Abin dariyar ma, mu ne muka riƙe wa Bature amanar kalmarsa. Ka taɓa kallon 'yan sanda na holin masu laifi a talabijin? Tebur shaƙe da bindigogi ƙirar gida da adduna da wayoyin sata, can gefe ga tulin layu da guraye da 'yar shara mai madubai. Me ɗan jarida ke kiran tulin nan in yana Turanci? "Charms". Daidai yadda mutumin Landan na da zai kira su. Jikansa na yau in ya ji kalmar, 'yar kwalliyar da ake maƙalawa a warwaro yake tunawa.

Na ji ka, na ji ka. Ka ce waɗannan tsofaffin kaya ne, kai ɗan zamani ne, "glamour" ka sani, ta 'yan fim da masu tallar atamfa da kwalliyar amare. Wayyo, Malam! Ka gudu daga ruwa ka faɗa rijiya. "Glamour" ba kowa ba ce face "grammar". E, nahawu. Wannan darasin da ya sa ka sha bulala a aji uku.

Ka ce haukata ta fito fili? Saurara. Tushen kalmar "gramma" ne na Girkanci, harafi. A Turai ta tsakiyar zamani duk wani karatu da Latin ake yinsa, kuma yana hannun limaman coci da 'yan tsirarun almajiransu. Manomi bai san bihim ba. Sai ya ga mutum ya duƙufa kan fata mai zane-zane yana motsa baki, ya ɗago ya faɗi ranar da wata zai yi husufi, kuma ya yi. Me kake so manomi ya ce? Ta haka "grammar" ta tashi daga ƙa'idar jimla ta zama sunan duk ilimin da ke cikin littafi, har da duban taurari da sihiri. A Faransanci ta haifi "grimoire", kundin matsafa. A Sikotland kuwa suka musanya harafi ɗaya, "r" ta koma "l", ta zama "glamour", ma'anarta rufa-ido: sihirin da ke sa ka ga abin da babu, ko ka ga abu ba yadda yake ba.

Ka ce ta yaya "r" za ta wayi gari ta zama "l"? Haba! Je ka tambayi Basakkwace abin da ke cikin bakinsa, harshe ne ko halshe. Ka dawo ka gaya mini da garma ake huɗa ko da galma.

Wanda ya fito da kalmar daga tsaunukan Sikotland ya kai ta falon masu karatu a Landan shi ne Walter Scott, musamman a wata doguwar waƙarsa ta 1805 mai suna The Lay of the Last Minstrel. A ciki wani wada ɗan aljanu ya buɗe kundin wani matsafi ya karanto siddabarun rufa-ido. Matsafin nan kuwa ba ƙagagge ba ne. Michael Scot sunansa, malami ne na gaske a ƙarni na 13. Laifinsa? Ya tafi Toledo ta Andalus ya koyi Larabci, ya fassara littattafan Aristotle da sharhin Ibn Rushd zuwa Latin, ya zauna a fadar Sarki Frederick na Biyu yana duban taurari. Ladan da ya samu shi ne mutanen ƙasarsu suka mai da shi shugaban bokaye a tatsuniyoyinsu, mawaƙin Italiya Dante kuma ya ware masa gurbi a wuta. Mutum ya yi karatu ya wuce saninsu, shi ke nan ya zama matsafi. Kai da ka taso inda ake wanke allo a sha, inda ake naɗe hatimi a fata a ɗinke, kai ne za ka yi mamakin mutanen da suka ga ƙarfi a cikin harafi? Mu ma da harafin Bature ya iso mana ai ba "gaskiya" muka sa masa suna ba. Boko muka ce. Kuma kafin ka ce daga "book" aka aro ta, Farfesa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin jabu da yaudara, irin ta amaryar boko. Bature ya ga harafin limaminsa ya ce rufa-ido, mu muka ga nasa muka ce algus. An yi canjaras.

A shekarun 1930 masana'antar fim ta Hollywood ta ɗauke "glamour" ta shafa wa taurarinta, har aka kafa mujalla mai wannan suna a 1939. A 1994 ta sauka Legas a fim ɗin Glamour Girls. To ka ce ma'anar ta canza? Ina ta canza? Fitila ce, da hoda, da kusurwar da mai kyamara ya tsaya. Yau kuma filta ce a waya. Hoton da aka turo maka ka kwana kana kallo, ranar da ka je gidan kuka gaisa da mai hoton ka ce ta shiga ta kira maka yayarta. In wannan ba rufa-ido ba ne, gaya mini sunansa. Shi ma ɗan siyasar da ya hau mumbari ya yi ta zuba dogon Turanci har kuka manta da rijiyar da ya yi alkawari, kakan kalmar yake yi wa hidima: nahawu da siddabaru a faranti ɗaya.

Yanzu zan zo kan wadda nake jin nauyin faɗa. Hajiya, ke da kike leƙen takardar ta kafaɗarsa, ɗan kau da kai.

"Fascinating". Kalmar 'yan jami'a, kalmar masu gyaɗa kai a taron ƙara wa juna sani. Uwarta "fascinum" ce ta Latin, kuma fuska biyu gare ta: tana nufin sammun da ake yi da mugun ido, tana kuma nufin layar da ke kare shi. Siffar layar fa? Abin da wando ke rufewa, na ɗa namiji. Na faɗa, Allah Ya yafe mini. Da tagulla ake ƙera shi, wani har da fukafukai da 'yan ƙararrawa, a rataya a ƙofar shago ko a wuyan yaro. Pliny ɗin nan dai ya ce har a ƙarƙashin keken dokin jarumin da ya ciwo yaƙi ake rataya shi ranar da zai zaga gari, don maganin hassada. Hikimar ita ce, idon mai hassada na sauka kan abin sai ya shagala da kallo, ko dariya ta kama shi, dafin ya zube a nan bai kai ga yaron ba.

Ka ce ban da hujja? Dutsen Vesuvius ya yi aman wuta a shekara ta 79 ya binne garin Pompeii da kayansa. Da aka tono, an kwashi irin waɗannan layu da yawa, suna nan a gidan tarihin birnin Naples, a wani ɗaki da aka daɗe ana kullewa don kunya. Sayi tikiti ka je, gani ya kori ji. Da kalmar ta shigo Turanci gab da 1600, ma'anarta a kama mutum da ido, yadda ake cewa maciji na kafe tsuntsu da kallo har ya kasa tashi. Sai a hankali ta zama ta yabon lacca. Hajiya, juyo, an wuce wurin. Sai dai wannan 'yar hular mai gashin tsuntsu da kike maƙalawa a gefen kai ranar dina, "fascinator" ake ce mata. Ban ce komai ba.

Ka ce na tsinto masu tsafi ne kawai don in ci gardama? To mu bar gidan boka, mu leƙa na maharbi. "Alluring" daga "lure" take, kayan aikin masu farauta da shaho a Turai. Fata ce ake ɗinkawa, a liƙa mata fukafukan tsuntsu biyu, a ɗaura 'yar tsoka, a sa mata doguwar igiya. Shaho na can sama yana shawagi, ya ga dama ya tafi abinsa har abada. Sai mai shi ya yi fito, ya riƙa kaɗa fatar nan a iska. Gogan ya hango, ya ɗauka kurciya ce, ya naɗe fukafukai ya sulmiyo. Kafin ya gama haɗiye tsokar an kama igiyar ƙafarsa, an kifa masa hular fata a ido. Ka ce mace "alluring" ce, ka yabe ta da zama tsuntsun bogi. Kai kuma ka san matsayinka a labarin.

Sauran ba sai na daɗe ba. "Captivating" daga "captivus", kamammen yaƙi. "Enthralling" daga "thrall", bawa, kalmar da mayaƙan Viking suka kawo, su da suka mai da Dublin kasuwar bayi. "Ravishing" daga "rapere", fizge da ƙarfi. "Seduce" a farkon zuwanta ba ruwanta da mace, ana faɗinta ne in an hure wa soja ko bara kunne ya gudu ya bar ubangidansa. Ka duba da kyau, ko ɗaya babu wadda mutum ya tafi da ƙafarsa don ransa ya so.

Ka ce to "attractive" fa, ita ai tsaf take, kimiyya ce zalla? Gaskiya ne, daga "trahere" take, ja. Uwarsu ɗaya da tarakta. Amma ka san inda ta fara aiki a Turanci? A littattafan masu tiyata na wajen 1400, sunan haɗin da ake liƙawa a kan maruru ya zuƙo mugunya. Daga nan ta koma kan dutsen nan mai jan ƙarfe, wanda ya samo sunansa "magnet" daga yankin Magnesia na Girkawa. Mu me muka kira shi? Mayen ƙarfe. Ka ga ko a ɗakin gwaje-gwaje mayya ba ta bar mu ba.

Mayen ƙarfen nan shi ya kai mu ga babban gwani, Franz Anton Mesmer, wanda sunansa ke cikin "mesmerize". Likita ne Bajamushe, an haife shi a 1734, ya yi karatu a Vienna, kundin digirinsa na 1766 kan tasirin taurari a jikin ɗan Adam ne. Ya ce akwai wani ruwa da ido ba ya gani da ke gudana a jikin kowane mai rai, in ya toshe sai cuta, shi kuma ya iya buɗe shi. Da rigima ta taso kan wata makauniya mai kaɗa piyano da ya ce zai buɗe wa ido, ya tattara ya koma Faris a 1778. Nan kasuwa ta buɗe.

Shiga ɗakin ka gani. Labule a sauke, haske kaɗan, kiɗa mai sanyi na tashi. A tsakiya ga ƙaton baho na katako cike da ruwa da garin ƙarfe da kwalabe, sandunan ƙarfe masu lanƙwasa sun fito ta murfinsa. Matan manya da attajirai sun kewaye shi, an zagaye su da igiya ɗaya, kowa ya dafa sanda a inda ke masa ciwo. Sai Mesmer ya shigo cikin rigar alharini, yana zagayawa a hankali, ya kafe wannan da ido, ya nuna waccan da sanda. Can sai wata ta fara shessheƙa, wata ta ƙyalƙyale da dariya, wata ta zube tana shure-shure, a ɗauke ta a kai wani ɗaki da aka shimfiɗe da katifu. Da a bayan garinku aka yi wannan da garaya, da ka kira 'yan Hisba. Da yake Faris ce, sai ka ce tarihin likitanci.

A 1784 Sarki Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike. Ba ƙananan mutane ba: Benjamin Franklin jakadan Amurka, da Lavoisier masanin sinadarai, da Bailly masanin taurari, da wani likita mai suna Guillotin. A lambun gidan Franklin, almajirin Mesmer mai suna d'Eslon ya zaɓi bishiya ɗaya ya yi mata aikinsa. Aka kawo yaro ɗan shekara 12, aka ɗaure masa ido, aka riƙa kai shi yana rungumar bishiyoyi. Ta farko ya ce yana jin abu. Ta biyu abin ya ƙaru. A ta huɗu ya sume. Ko ɗaya a cikinsu ba ita ce aka yi wa aikin ba. Kwamiti ya rubuta cewa ruwan nan babu shi, tunanin mutum ne ke aikin. Bayan 'yan shekaru juyin juya hali ya zo, aka fille kan Bailly a 1793, na Lavoisier a 1794, da injin da ke ɗauke da sunan abokin kwamitinsu. Mesmer kuwa ya tsufa lafiya lau, ya mutu a 1815, sunansa ya shiga ƙamus. Yau mawaƙi na cewa idon masoyiyarsa ya yi "mesmerizing" ɗinsa, bai san yana yi wa likitan da aka kama da zamba talla ba.

Tasirin taurarin nan da Mesmer ya rubuta kundi a kai, sunansa "influence", wani abu da aka yi imani yana kwararowa daga sama ya juya halin mutane. Italiyawa suka ɗora masa laifin annobar mura suka ce "influenza". Saboda haka "influencer" ɗin da kake bi a TikTok da mura mai kwantar da gari, kakansu ɗaya. Dukansu ta iska ake ɗauka.

Na ga ka fara ja da baya. Ka ce ka bar manyan kalmomi, ƙanana za ka riƙa amfani da su, na yara. Madalla. "Pretty" a tsohon Turanci mai makirci ce, daga kalmar da ke nufin dabara da zamba. "Cute" gutsuren "acute" ce, mai kaifin wayo, irin wanda ba a so a yi ciniki da shi, sai a ƙarni na 19 ɗaliban Amurka suka mai da ita ta kyau. "Nice" daga "nescius", jahili, ta yi ɗaruruwan shekaru tana nufin wawa. "Fond" ma wawa. "Handsome" kuwa, wadda kake jira a ce maka ka kumbura, ga "hand" nan a gabanta: abin da ke da daɗin riƙewa a hannu, kamar gatari ko takobi. Kuma ba gadon maza ba ce yadda aka koya maka a firamare, Jane Austen ta yi ta kiran mata da ita a littafinta Pride and Prejudice na 1813. Abin da ya rage sai na filin dambe: "stunning" bugu ne mai sa jiri, "smitten" wanda aka maka wa duka, "crush" murƙushewa, "knockout" kuwa kisa ne irin na Shago.

Ka ce ka kama ni, "charisma" fa? To, a nan na ɗaga maka hula rabi. Girkanci ce, daga "charis", alheri, kuma a wasiƙun Bulus na Sabon Alkawari tana nufin baiwar da Allah ke ba bawa kyauta. Ba boka, ba tarko. Ta yi ƙarnuka a coci ba ta fita. Wanda ya fito da ita kasuwa shi ne Max Weber, Bajamushe masanin zamantakewa da ya mutu a 1920, ya sa ta sunan irin mulkin da ba gado ba, ba doka ba, sai dai mabiya sun yarda mutumin nan daban yake. Kwarjini ke nan. Amma duba misalan da ya jero: har da mayaƙin da ke haukacewa a fagen fama, da bokan da ke faɗuwa yana kumfa. An kore shi ta ƙofa ya dawo ta taga. Weber ya ƙara da cewa abin na ɗorewa ne muddin nasara na zuwa, in ta ƙafe mabiya su watse. Tambayi duk wanda ya faɗi zaɓe mutum nawa suka zo masa barka da Sallah. A shekarun 1960 'yan jaridar Amurka suka liƙa wa su John Kennedy kalmar, yau kuma jikokinsu sun gutsure ta, sun ce "rizz", har madaba'ar Oxford ta zaɓe ta kalmar shekara a 2023.

Yanzu ka fito da babbar bindigarka, na san tana nan. Ka ce asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba, wanda ya ce maka "nice" yau ba wawa ya kira ka ba. Wallahi gaskiyarka, kuma duk malamin harshe zai sa maka hannu. Amma amsa mini wannan. Kalmomin nan daga Latin suke, da Girkanci, da Faransanci, da bakin 'yan Viking, da tsaunukan Sikotland. Ba shawara suka yi ba. Sun shigo a zamuna daban-daban cikin shekara ɗari bakwai. Me ya sa duk suka bi hanya ɗaya, daga gidan boka da maharbi da mai kamen bayi zuwa ƙofar gidan su yarinya? Saboda wanda so ya kama ba ya taɓa yarda shi ya kai kansa. Dole wani ne ya yi masa. Danginsa kuwa sun fi shi ƙin yarda.

Shakespeare ya san haka. A wasansa Othello, wajen 1604, wani dattijon majalisar Venis ya wayi gari 'yarsa ta auri baƙar fata, babban hafsan sojan birnin. Me ya fara faɗa? Ba yadda za a yi 'yarsa ta so wannan mutumin da hankalinta, magani aka ba ta, asiri aka yi mata. Ya kai ƙara majalisa cikin dare. Othello ya ce shi dai labarin rayuwarsa ya riƙa ba ta, yaƙe-yaƙe da bauta da tafiye-tafiye, ta ji tausayinsa, tausayi ya zama so, iyakar tsafinsa ke nan. Majalisa ta wanke shi. Ni da ina wurin da na ɗaga hannu, don "spell" ɗin da ake tuhumarsa da ita, a tsohon Turanci ma'anarta labari. Ita ce a wutsiyar "gospel", labari mai daɗi. Mutumin ya amsa laifinsa a gaban kowa, ba wanda ya lura.

Kar ka yi dariya da yawa, don dattijon nan na Venis yana da 'yar'uwa a kowace unguwa tamu. Ita ce uwar mijin da ke cewa an shanye mata ɗa, an mallake shi, an wanke an ba shi ya sha, don kawai an gan shi ya riƙe wa matarsa jaka. Kai kanka in abin ya same ka me kake cewa? Na kamu. Ta sace mini zuciya. Ta tafi da imanina. Kamu, sata, fashi. Ka ce ai mu muna da farin jini, halitta ce, a jini take, ba ruwanta da boka? To wancan mai lasifika a bakin tasha, da ƙullin garin magani a bayan mota, me yake cewa yana sayarwa?

Saura harsashi ɗaya a bindigarka, harba. "Beautiful". To, wannan kam na sallama. Daga "bellus" take ta Latin, mai kyau, kuma dangin "bonus" ce, nagari. Na bincike ta ciki da waje ban samu laya ba. Riƙe ta da kyau. Sai dai tana da 'yar'uwa a Italiya, "belladonna", wato kyakkyawar mace, kuma sunan wani tsiro ne mai dafin kisa. An ce ya samo sunan ne don matan Italiya na da suna ɗiga ruwansa a ido, baƙin idon ya buɗe ya yi faɗi, su ƙara shiga ran maza. Sinadarin da ke ciki, atropine, har gobe likitocin ido na ɗiga shi. Wanda aka taɓa ɗiga wa ya san abin da ke biyo baya: komai na kusa sai ya koma dishi-dishi. Wato ita ta yi kyau a idonsa, shi kuma ba ta ganinsa sosai. Ka ji yadda aka yi irinku suka samu aure, Malam.